An Ce Gwaggo Ta Warke

Na Allah ne mu, kuma wurinSa muka nufa. Gwaggona, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina rarrafe har ta kai ni ɗakin miji, ta rasu a Nguru cikin damina, ranar wata Talata kasuwa na ci. Ni ina Gashua. Direban da ke ɗauko mata buhunan gyaɗa ne ya tsaya a ƙofar gidanmu ya yi sallama da maigidana. Daga tsakar gida na jiyo yana cewa sai haƙuri, ban tsaya jin sauran ba na shiga neman mayafi.

Ko da na isa an riga an kai ta makwancinta. Na tarar da gidan cike da mata, har bakin murhun da take suya an shimfiɗa tabarma. Na zauna ana ta yi mini gaisuwa ina amsawa, ban san ma me nake cewa ba. Abin da na lura da shi kawai, duk wadda ta shigo, in ta gama "ya haƙuri", sai ta sassauta murya ta juya ga ta kusa da ita.

"Ashe dama ba ta warke ba?"

"Ta warke mana. Shekara nawa da yin aikin? Daga bakin ƙanenta na ji, likita ya ce babu sauran komai."

"Ke dai yi shiru. Ciwon daji ba ya warkewa, kwanciya yake yi."

"Wane daji? Hannun nan ne ya ci ta."

Wata Bafulatana da ta daɗe tana kawo mata kindirmo ta zauna a bakin ƙofa, ƙwarya a cinya, tana share hawaye da gefen zane. Ta ce ita fa ba ta taɓa sanin ciwo ne ba, ta ɗauka haka Allah ya halicce ta da hannu ɗaya ƙato. Can kuma tsohuwar da ta yi mata wanka, wadda aka ɗauko daga wata unguwa, ta matso ta kama wuyan hannuna.

"'Yar nan, da kun gaya mini. Na yaye zane na ga ƙirji ɓangare guda a shafe kamar faifai. Wallahi sai da na yi salati."

Daga nan duk suka zubo mini ido, tunda ni ce 'yar ɗakinta, ni ya kamata in raba gardama. Yau an yi sadakar arba'in an watse, har yanzu ban samo amsar ba. Shi ya sa na zauna in rubuta abin da na gani da idona, kafin ya zama kowa na da tasa Gwaggon.

Man gyaɗa take yi da ƙuli-ƙuli. Duk wanda ya taɓa jiran jirgin Kano a tashar Nguru a shekarun nan, da wuya bai tauna ƙulinta ba. Mijinta ya rasu da daɗewa, 'ya'ya biyu da ta haifa duk sun koma tun suna goye, ba ta sake aure ba. Sunan mahaifiyarsu ita da mahaifina aka sa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "Uwata". Mahaifina kuwa, ko da furfura ta cika masa gemu, "Auta" take ce masa, shi kuma ya ce "Yaya". Mace ce mai ƙarfin hannu. In ta durƙusa a kan tunkuza, wato dakakkiyar gyaɗar da ake tatsar mai daga cikinta, za ka ji man na tsiyaya kamar an buɗe famfo. Takan ce, "Gyaɗa ba ta san lallashi ba."

Ƙullutun ya fito mata a mama na dama, kusa da shekarar da aka yi farin nan, aka kuma canza kuɗi. Ta ɓoye ya fi a ƙirga, ta shafa wannan ta sha wancan, sai da ya fara hana ta ɗaga taɓarya sannan ta gaya wa Baba. Shi ya ɗauke ta a jirgi zuwa Kano, daga can aka tura su gaba. Aka yi aiki, aka cire maman gaba ɗaya, aka kwashe har da kaluluwar hammata. Bayan nan aka tura su kudu mai nisa don abin da suke kira gashi, a kwantar da mutum ƙarƙashin wata na'ura ta ƙona wurin ba tare da ya ga wuta ba. Sai kuma allurai da suka kakkaɓe mata sumar kai tas. Ni lokacin ina da tsohon ciki, ban bi su ba. Na dai je tarbarsu a tasha.

Ta sauko daga jirgi a rame, ɗankwali ya zame mata har gira saboda babu abin da zai riƙe shi. Baba na bayanta yana ta washe baki, duk wanda ya miƙo hannu sai ya ce, "Alhamdulillahi, an dace. Likita ya ce ta warke." Mako guda ana zuwa barka. Gwaggo na zaune a kan tabarma tana amsawa, in ɗakin ya yi sauƙi sai ta dube ni.

"Uwata, barkan me suke yi mini?"

Na ce, "Barkan kin dawo da rai, Gwaggo."

Ta ce, "To. Na ji."

Suma ta dawo, fara fat. Jiki ya ɗan murmure. Muna cewa shi ke nan, sai hannun ya soma. Da fari zobe ne ya matse ta. Daga baya awarwaron azurfar da mijinta ya yi mata ya nutse cikin nama, sai da aka kira maƙeri ya zo har gida ya yanke shi, tana kallon bango. Kafin shekara ta zagayo hannun dama ya ninka na hagu, tun daga kafaɗa har yatsu, fatar ta yi tauri tana ƙyalli. In ka danna yatsa sai wurin ya lotsa ya daɗe bai cika ba. Duk rigunanta sai da aka farke musu hannu ɗaya aka ƙara ƙyalle.

Ba mu san ta inda za mu kama ba. Da aka koma asibiti, likita ya duba ƙirjin ya ce lafiya lau, ya dubi hannun ya ce wannan yakan faru, ruwa ne ya rasa hanyar wucewa, ta riƙa ɗaga shi sama. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce a naɗe shi da bandeji tamau. Wata kuma a wani zuwan ta ce wa ya ce a ɗaure, a kwance. Wannan ya ce ta riƙa aiki da shi kada ya sandare, wancan ya ce kada ta ɗauki ko buta. A gida kuma kowa malami ne. Aka kawo ganye, aka kawo kitsen damo, aka kawo rubutu. Wanzami ya ce mataccen jini ne, ƙaho biyu zai zuƙe shi. Ta yarda aka yi, hannun ya yi ja ya ɗauki zafi, ta kwanta rawar ɗari har muka fid da rai. Da ta tashi ta ce ko sunan ƙaho kada a ƙara kira mata.

Ita ta nema wa kanta dabara. Ta sa aka ɗaura igiya a jikin azarar ɗakinta, aka yi mata maɗauki da tsohon zane. In ta gaji sai ta zauna a ƙasa ta rataye hannun, ta jingina da bango tana jan carbi da hagu. Baƙo in ya shigo ya gan ta haka sai ya tsaya turus. Takan ce, "Shigo mana, ba ni aka ɗaure ba, shi aka ɗaure." Haka take maganar hannun, kamar wani baƙo ne da ya sauka a gidanta ya ƙi tafiya. "Yau ya tashi da rigima." "Yau ya bar ni na yi salla a tsaye." In zafi ya yi zafi ya ƙara cika, in an yi sanyi ya ɗan saki, wani lokaci kuma ya saɓa duk wannan, mu rasa dalili.

Sana'ar ce ta fi ba ta wuya. Ta gwada matsar tunkuza da hagu, man ya ƙi fita, ta zauna tana kallon kwanon. Maƙwabciyarta, wata Bamanga da katanga kawai ta raba su, ita ta fara shigowa da safe tana gaisuwa da yarensu, "wushe, wushe", ta ɗaura zane ta durƙusa ta matse mata. Suka zama kamar mutum ɗaya, wannan hannu, waccan ido. Sai dai bakin Gwaggo ma ya canza tun daga alluran nan. Komai ta sa a baki sai ta ce tsatsa take ji, kamar ta lashi tsohuwar wuƙa. Matar da ke gane gyaɗar da ta sha ruwa daga ƙwaya ɗaya, ta koma ba ta iya tantance gishiri. Ranar da ta zabga yaji a ƙuli har masu saye suka dawo da shi, sai ta juye wa awaki. Daga ranar, in an kwashe kaskon farko sai ta miƙa wa maƙwabciyar.

"Ɗanɗana mini. Bakina ya zama na aro."

Ga mantuwa. Ta ajiye muciya ta hau nema tana riƙe da ita. Ta fara ba ka labari ta tsaya a tsakiya tana kallonka, wai kai ka ƙarasa. In an ce tsufa ne sai ranta ya ɓaci, ta ce ta san tsufa, ta yi jinyar uwarta, wannan daban ne, kamar an shimfiɗa mata mayafi a cikin kai. Ga gajiya, irin wadda barci ba ya kashewa. Kafin azahar ta gama yini.

Amma abin da ya fi ruɗa ta, ya ruɗa ni, shi ne ƙaiƙayi. Wata rana da hantsi na zo daga Gashua na same ta tana sosa iska, ɗan nesa da ƙirjinta, daidai inda maman yake a da. Ta ga na gani, ta sauke hannu.

"Kada ki ce na haukace. Kan nonon ne ke yi mini ƙaiƙayi."

Na ce, "Gwaggo, ai babu shi."

"Na fi ki sanin babu shi. To me ke ƙaiƙayin?"

Wurin da tabon yake kuwa, da ƙarƙashin hammata, ko ka tsikara da tsinke ba ta ji. Inda akwai nama babu ji, inda babu nama nan ne ke damunta. Ta ce wani lokaci har takan ji kamar ruwan nono zai zubo, irin na sanda take shayarwa, ita da rabonta da goyo tun kafin a haife ni.

Wannan ne ya kai mu wajen limamin unguwa, dattijo ne da ya san ta tun tana amarya. Bayan la'asar muka je, ta tsaya daga bakin zaure ni ina gefenta, ta gaishe shi, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta fito da maganar.

"Malam, abin da aka yanke daga jikin mutum yana raye, ina yake zuwa?"

Ya ce abin da ya fi kyau a binne shi, don jikin ɗan Adam yana da alfarma.

"To ni ban san inda aka kai nawa ba. Na ce wa ƙanena ya tambaya, kunya ta hana shi. Ko an binne, ko an ƙona, ko an zubar, oho. Ran tashin kiyama haka zan tashi?"

Liman ya ce wanda ya yi ta daga babu ba zai gaza tattaro ta ba, kuma babu laifin komai a kanta. Ta gyaɗa kai. Na ɗauka an gama, sai ta ce, "To ƙaiƙayin fa, Malam? Ko kirana yake yi?"

Ya ce, "Subhanallahi. Wannan kuma sai likita."

A hanya ta yi wata 'yar dariya. Ta ce, "Likita ya ce in yi haƙuri, Malam ya ce in koma wa likita. Uwata, ke wa za ki tura ni wurinsa?" Muka ci gaba da tafiya. Sai da muka kusa gida ta ƙara da cewa, "Yara biyu suka sha shi. Duk sun riga shi tafiya, shi ma ya riga ni."

Rigimarta da Baba a gidana ta fashe, ranar sunan 'yata ta biyu. Baƙi sun ragu, Baba ya shigo tsakar gida ganin jaririya tare da wani ɗan'uwansu da ya zo daga Kumagannam. Mutumin ya gaishe da Gwaggo, ya tambayi jiki. Kafin ta amsa Baba ya riga ta.

"Ai Yaya ta warke sarai. Sai godiya."

Ta ajiye kwanon da ke hannunta. Ta kama hannun dama da na hagu, kamar yadda ake ɗaukar yaro, ta ɗora shi a kan gwiwarta.

"Auta, zo ka ɗaga shi."

"Yaya, mene ne haka?"

"Na ce ka zo ka ɗaga. Ka ji nauyin lafiyar da ka zaɓar mini."

Baƙon ya sulale ya fita. Baba ya tsaya kamar an dasa shi. Ta ce ita da aka kwantar da ita, an ce mata ƙullutu za a cire. Ta farka ta kai hannu ta ji wayam. Ba wanda ya tambaye ta. Shekaru tana jin yana yawo da maganar warkewarta a gari kamar shi aka yi wa aikin.

Baba ya ce, "Likita ya fito ya same ni a baranda, ya ce abin ya ci ciki, in ba a cire duka ba ba za ki ga baɗi ba. Kina kwance ba ki san inda kike ba. Ni kaɗai ne a garin mutane. Wa zan tambaya? Yaya, wa zan tambaya?"

"Da ka ce a tashe ni."

"In kin ce a'a fa?"

"Da na ce a'a da bakina."

Jaririya ta fara kuka, na ɗauke ta na shige ɗaki, don ban san bayan wa zan bi ba. Har yau ban sani ba. In na tuna fuskar Baba sai in ce me ake so ya yi. In na tuna hannun a kan gwiwarta sai in ce ai jikinta ne. Bayan wannan ta daɗe ba ta taka gidansa na nan Gashua ba, in ya zo Nguru gaisuwa kawai ke haɗa su. Duk da haka ba a taɓa yin ranar kasuwar Gashua direban nan bai sauke masa kwalbar mai da ƙullin ƙuli ba. Shi kuma bai ƙara cewa ta warke a gabanta ba. In an tambaya sai ya ce, "Ga ta nan, ku tambaye ta."

Ba kullum take cikin ɗaci ba, kada wanda bai san ta ba ya ɗauka haka. Shekarar da kogi ya cika sosai ta zo mini kwana biyu, ta ce in raka ta bakin ruwa inda mata ke wanki. Ta tsoma hannun, ta ƙara matsawa, sai ga Gwaggo zaune cikin ruwa har wuya da zanenta da komai. Ta ɗago hannun ya taso saman ruwa da kansa. Ta ƙyalƙyale da dariya irin wadda rabona da ji tun ina yarinya.

"Uwata, zo ki gani! A nan ba shi da nauyi!"

Matan wanki suka tsaya suna kallon tsohuwa na wasa da ruwa, ita ko a jikinta. Sai da rana ta karkata na lallashe ta ta fito. Daga baya na ba wata ma'aikaciyar asibiti labari, ta riƙe baki ta ce ruwan kogi ai haɗari ne ga irin wannan hannu, kada a kuma. Na gaya wa Gwaggo. Ta ce, "Abu ɗaya da ya yi mini daɗi." Ba ta ce za ta bari ba, ba ta kuma sake cewa in raka ta ba.

Akwai wata mata da ba zan manta ba. Daga wajen Jakusko suka zo ita da mahaifiyarta, ba ta wuce sa'ata ba, tana da goyo. Labari ya kai musu cewa akwai wata mai ƙuli a Nguru da aka yi wa aikin daji ta rayu. Suka yi ta gaisuwa, uwar ce ta yi bayani, ita 'yar kanta na ƙasa. Gwaggo ta ce in sakaya ƙofa. Ta kwance zane, ta cire tsumman da take cusawa a riga don ɓangaren ya ciko, ta tsaya a gabansu. Matar da ko ni sai da dalili nake ganin tabon nan.

"Ɗago ki duba da kyau. Taɓa. Yanzu ɗaga hannun."

Matar ta ɗaga, ta fashe da kuka.

Gwaggo ta ce, "In kin je, ga abin da za ki iya dawowa da shi. Ba kowa ba, amma ni ga nawa. In ba ki je ba, na ga wata a gadon da ke kusa da nawa wadda ta makara, ba zan ba ki labarinta ba kina shayarwa."

Uwar ta ce, "To Hajiya, me kika ce mu yi?"

"Ban ce komai ba. Ni ma ban gama sani ba." Ta ɗaura zanenta, sannan ta kama haɓar matar ta ɗago fuskarta. "Abu ɗaya na sani. In kin je, kada ki yarda a kwantar da ke sai kin ji da kunnenki abin da za a cire. Ke, ba mijinki ba, ba wanki ba."

Suka kwana a ɗakinta. Da safe suka ce za su Kano. Ta soya musu ƙuli mai yawa, ta gaya musu inda za su sauka da abin da za su riƙe, ta ɗauko ɗaya daga rigunanta masu faɗin hannu ta cusa a kayan matar, ta ce ta ajiye, Allah ya sa kada ta buƙace ta. Da kanta ta raka su tasha a cikin ranar nan, ta dawo ta rataye hannu har magariba. Ba mu sake jin ɗuriyarsu ba. Takan tambayi masu zuwa daga Jakusko, ba wanda ya gane wadda take nufi, don ko sunan ƙauyensu ta manta.

Ƙarshenta ya zo ta inda ba mu zata ba. Tana juya ƙuli a kasko mai ya fallatso mata a bayan hannun, daidai inda ba ta ji. Ba ta sani ba sai da maƙwabciya ta ga fatar ta tashi. Aka shafa abin da aka shafa. Kwana kaɗan hannun ya yi ja har kafaɗa, zazzaɓi ya rufe ta, aka kai ta asibiti. Ta hana a aiko mini, wai na sha wahalar zirga-zirga, in ta tashi za ta zo da kanta. A asibiti sun ce dafin ƙunar ne ya shiga jini. Amma maƙwabciyar ta gaya mini tun bazara take tari, tana kuma kama ƙugu in za ta miƙe, ta roƙe ta kada ta faɗa wa kowa. To ƙunar ce, ko tsohon ciwon ne ya dawo ta baya? Ba wanda ya duba, yanzu kuma ba mai dubawa. Ajali dai ya sauka.

Bayan sadakar bakwai, mutane sun ragu, ina cikin ɗakinta ina naɗe kaya Baba ya yi sallama ya shigo. Bai taɓa zama a ɗakin nan ba tun rigimarsu. Ya zauna a ƙasa, ya cire hula ya riƙe, ya dube ni.

"Ke kika fi kowa zama da ita. Ta taɓa ce miki wani abu a kaina? A kan aikin nan?"

Na ce ta taɓa. Wata rana 'yata ta fari ta hau cinyarta tana wasa da carbinta, ta shafa kan yarinyar ta ce, "Da Auta bai ce a yi ba, da ban ga wannan ba. Allah ya yi masa albarka." Baba ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka sauka. Da na tsaya nan da ya tashi da sanyin zuciya. Amma ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Shi ke nan?" Ban iya yi masa ƙarya ba. Na ce wata rana kuma, hannun ya hana ta sakat, ina matsa mata shi, ta ce, "Da ya bar ni na tafi da jikina cikakke, da tuni na huta."

Can ya ce, "Wanne ta faɗa daga baya?"

Na tsaya ina lalube. Ranar carbin, yarinyar ta fara tafiya ko ba ta fara ba? Ranar matsar hannun, da zafi ne ko da damina? Na juya su gaba, na juya su baya, kowanne ya zauna daidai a kowane wuri.

Na ce, "Baba, wallahi na kasa tunawa."

Ya mayar da hularsa, ya dafa bango ya miƙe. A bakin ƙofa ya ce, "To ki yi ta tunani. In kin tuna ki gaya mini, ko wanne ne."

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya sa wahalar da ta sha ta zame mata kankarar zunubi, ya sauke mata duk wani nauyi, ya haɗa ta da 'ya'yanta. Ya ba Baba haƙuri. Yanzu duk ranar da na je gaishe shi, in mun gama gaisuwa ya tambayi yara, sai ya dube ni. Ni kuma in girgiza kai.